Daga Fatar Kwaɗo Zuwa Kwalbar Allura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Feftid da Cututtukan da Suka Daina Jin Magani

A ɗakin gwajin jini da fitsari nake aiki a nan Garwa, arewacin Kamaru. Tun da labarin "sabon magani daga jikin kwaɗo", wai feftid mai kashe cututtukan da suka daina jin magani, ya fara yawo a wayoyi, tambayoyi iri ɗaya ke dawo mini, daga ɗalibai masu koyon aikin jinya, daga masu zaman jinyar 'yan'uwa, har da masu kiwon kaji. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da na tushe. Wanda ke da marar lafiya a kwance yana iya tsallakawa zuwa tambayar ƙarshe, ya dawo ga sauran daga baya.

Me ake nufi idan aka ce cuta ta daina jin magani? Jikina ne ya saba da maganin?

Ba jikinka ba ne, ƙwayoyin bakteriyar ne suka sauya. A duk lokacin da aka sha antibiyotik, masu rauni a cikinsu sukan mutu, 'yan tsirarun da suka dace da wata kariya su tsira, su hayayyafa. Wasu bakteriya kan rabu biyu a cikin minti 20, don haka kafin gari ya waye tsirarun nan sun zama runduna. Suna kuma miƙa wa junansu dabarar kariyar, ko da ba jinsi ɗaya ba ne.

Ga yadda muke ganin abin da ido. Mukan shafa ƙwayar da muka samu a fitsari ko mugunya a kan ɗan faranti mai abincinta, mu jera ƙananan fayafai farare na takarda, kowane ɗauke da magani daban, mu sa a na'urar ɗumi ta kwana. Da safe, maganin da ke aiki za ka ga ya share fili a kewayensa kamar an yi shara. Wanda ba ya aiki kuwa, ƙwayar ta tsiro har jikin faifan, ko gezau. Akwai safiyar da na ɗaga farantin wata dattijuwa zuwa hasken taga, fayafai takwas, fili a kewayen ɗaya kawai. Wannan gwajin shi ake kira antibiyogiram.

Abin ya kai yadda ake faɗa, ko ƙarin gishiri ne na masu neman tallafi?

Ya kai. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma akwai hannun bijirewar a mutuwar kusan miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, mutum 27.3 a cikin kowace 100,000, kuma a rabe-raben binciken, Kamaru da Chadi da Nijeriya da Nijar duk suna ciki. Ba don mun fi kowa shan magani ba ne. Cutar ta fi yawa a wurinmu, gwaji ya yi ƙaranci, kuma idan magani na farko ya gaza, na biyu ko dai babu shi a kusa ko ya fi ƙarfin aljihu.

To mene ne wannan feftid ɗin?

Furotin, wanda ke gina nama da jini, an yi shi ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20, a jere kamar 'ya'yan carbi. Idan zaren ya yi tsawo sosai, furotin ke nan. Idan gajere ne, sai a ce feftid. Waɗanda muke magana a kansu galibi 'ya'ya 10 zuwa 50 ne, kuma aikinsu kashe ƙwayoyin cuta.

Kusan duk wani abu mai rai yana yin irin nasa: ƙwari, kifi, kwaɗi, itatuwa, har su bakteriya da kansu don yaƙar 'yan'uwansu. Kai ma kana da naka. Yawunka na da su, guminka na da su, fararen ƙwayoyin jininka na ɗauke da wani rukuni da ake kira difensin, fatarka da huhunka na fitar da wani mai suna LL-37, saboda 'ya'yansa 37 ne. Ƙwari su suka fara jan hankali sosai, domin ba su da irin garkuwar jiki mai tuna cuta da muke da ita, amma suna rayuwa a cikin juji lafiya lau. Wajen 1980, Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin suka ciro irin wannan feftid daga jinin wani ƙaton malam-buɗe-littafi na dare. Yau rumbunan bayanai na ɗauke da fiye da 3,000 da aka samo daga halittu.

Ta yaya suke kashe ƙwayar, kuma me ya sa ba sa kashe mu?

Yawancin antibiyotik da muka saba da su kamar makulli ne: kowane yana da ƙofa guda da yake shiga a jikin ƙwayar. Idan ƙwayar ta sauya kwaɗon ƙofar, shi ke nan. Feftid da yawa kuwa ba ruwansu da ƙofa, katangar suke fasawa. Fatar bakteriya na da caji irin na ragi, feftid na da irin na ƙari, sai su manne kamar maganaɗisu da ƙusa. Sannan gefensa ɗaya mai son ruwa ne, ɗayan mai son maiƙo, kamar sabulu. Gefen maiƙon sai ya nutse cikin fatar, su taru da yawa su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye kamar salkar da ƙaya ta soka. A cikin 'yan mintoci an gama.

Ƙwayoyin jikinmu ba su da wannan cajin sosai a bayansu, kuma kolestarol yana ƙara wa fatarsu ƙwari, shi ya sa feftid ke fifita bakteriya. Na ce fifitawa, ban ce kuɓutarwa ba. Idan ya yi yawa mu ma yana taɓa mu, kuma a nan gizo ke saƙar, kamar yadda za ka gani a amsar abin da ya hana su zama magani. Ba duka ne masu huda ba. Wasu kan kutsa ciki su tsayar da injin da ƙwayar ke ƙera furotin da shi, wasu su ƙwace tubalin da take gina katanga, wasu kuma aikinsu kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin rauni.

Ina gaskiyar labarin kwaɗon?

Gaskiya ne, kuma kwaɗon Afirka ne. Michael Zasloff, wani likita mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, yana yi wa kwaɗin ruwa masu farce da ake kira Xenopus laevis tiyata yana cire ƙwai don wani aiki daban. Yakan ɗinke su ya mayar cikin tankin ruwa mai cike da ƙwayoyin cuta. Wata rana abin ya tsaya masa a rai: me ya sa ɗinkin ba ya ruɓa? A 1987 ya wallafa amsar: feftid biyu a fatar kwaɗon, kowane mai 'ya'ya 23, ya sa musu suna magainin daga kalmar Ibrananci mai nufin garkuwa. Af, irin wannan kwaɗon ne aka riƙa gwajin ciki da shi a da: a yi masa allurar fitsarin mace, in ya saki ƙwai to tana da juna biyu.

Sauran labarin ne masu turawa a waya ba sa kai wa. An ƙera wani kwaikwayon magainin mai suna pexiganan, man shafawa don gyambon ƙafa na masu ciwon suga. A 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi, don bai nuna ya fi maganin sha da ake da shi ba. Wani kamfani ya sake ɗauko shi, aka yi sabon gwaji, a 2016 sakamako ya fito: bai fi man da babu magani a ciki ba, idan ana kula da gyambon yadda ya kamata. Kusan shekara 30 ke nan daga tankin Zasloff, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wannan bai sa binciken ya zama banza ba, shi ya buɗe fagen. Amma duk wanda ya ce maka akwai maganin kwaɗo a kasuwa, tambaye shi sunansa.

Ke nan babu ko ɗaya da ya kai ga majinyaci?

Akwai, wasu ma sun girme mu duka. Abin lura shi ne kusan dukkan waɗanda suka yi nasara daga ƙwayoyin ƙasa aka samo su, ba daga dabbobi ba. A 1939 René Dubos ya samo gramicidin daga wata bakteriyar ƙasa a Niyok, kafin ma a fara amfani da fenisilin a asibitoci. Yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini in an yi allurarsa, sai aka bar shi a shafawa da ɗigawa. Bacitracin da polymyxin B na cikin man shafa rauni da maganin ɗigon ido da kunne da ake sayarwa a famasi. Ɗauki kwalin ka karanta. Nisin, wanda bakteriyar madara ke yi, ana sa shi a cuku da abincin gwangwani don kada su lalace, shi ne E234 a jikin takardar.

Manya biyu su ne na allura. Colistin a Japan aka samo shi wajen 1950, likitoci suka yi watsi da shi a shekarun 1970 saboda yana cin ƙoda. Da sababbin magunguna suka fara gazawa a gaban bakteriya irin su Klebsiella da Acinetobacter da Pseudomonas, dole aka koma aka kakkaɓe masa ƙura. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai wannan zumar na da harbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan ajiya, waɗanda ba a taɓawa sai an rasa mafita. Na biyu shi ne daptomycin, daga ƙasar da aka ɗebo a Dutsen Ararat na Turkiyya, an amince da shi a 2003 don cututtukan fata, daga baya na jini, masu taurin kai. Ba ya aiki a namoniya, domin ruwan da ke shafe cikin huhu yana kashe masa kaifi.

In an san fiye da 3,000, me ya hana su zama magani?

Kashe ƙwaya a faranti abu ne mai sauƙi, ko ruwan jabel yana yi. Wahalar ita ce kashe ta a cikin mutum, mutumin ya tashi lafiya.

Na farko, guba. Yawan da zai kashe ƙwayar sau da yawa yana dab da yawan da zai fasa jajayen ƙwayoyin jini ko ya ƙona ƙoda. Murepavadin, wanda aka ƙera bisa wani feftid na jinin alade don yaƙar Pseudomonas, ya kai matakin gwaji na ƙarshe, aka dakatar a 2019 da aka ga ƙodar majinyata na samun lahani. Na biyu, jiki na ɗaukar feftid a matsayin abinci: sinadaran da ke narkar da nama a ciki da cikin jini sukan daddatsa shi, ƙoda ta tace saura, wani lokaci a cikin mintoci. Na uku, gishirin jini da furotin ɗinsa sukan dushe cajin da yake mannewa da shi, sai ka ga zakin faranti ya zama kyanwa a jijiya.

Sai kuɗi. Ba wanda zai tatsi kwaɗi miliyan. A injin ake ɗinka feftid, ɗa bayan ɗa, da dabarar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, wadda ta sa ya samu kyautar Nobel a 1984. Kowane ɗa da aka ƙara sai an wanke an tace, kuma cutar bakteriya na bukatar magani mai yawa a kowace rana, ba ɗan ɗigo ba.

Za a iya samunsa a ƙwaya ko kafso, a sha a gida?

Da wuya, saboda dalilin da ya sa insulin ma allura ce: ciki zai narkar da shi kamar tsoka. Shi ya sa aka fi sa rai ga na shafawa a gyambo da ƙuna, na shaƙa zuwa huhu, na shafe robar fitsari da ta ƙarin ruwa, sai na allura a asibiti. Mu kuma a nan akwai ƙarin tambaya da masu bincike a ƙasashen sanyi ba sa saurin yi: zai jure zafin watan Afrilu a Marwa ko Kuseri, ranar da wuta ta ɗauke firij ya tsaya?

Wace dabara masu bincike ke yi don tsallake waɗannan matsaloli?

Ɗaya ita ce rufe zaren ya zama zobe, don sinadaran narkarwa su rasa bakin kamawa. Halitta ta riga mu sanin wannan, kuma a Afirka aka gano. A 1960 wani likita ɗan Norwe, Lorents Gran, yana aikin agaji a Kwango, ya lura mata masu naƙuda na shan dafaffen wani ganye da suke kira kalata-kalata, naƙudar ta yi sauri. Abin da ke aikin feftid ne, aka sa masa kalata B1, kuma abin mamakin shi ne ya jure tafasa ya jure ciki. Daga baya aka gano zobe ne da aka ƙulle da ƙulli uku a tsakiya. Yanzu ana gwada ɗora wasu feftid a kan wannan ƙirar. Wata dabarar ita ce musanya wasu 'ya'yan da tagwayensu na bahago, masu kama ɗaya amma a juye kamar hoton madubi, waɗanda jiki bai iya datsa su ba. Akwai kuma naɗe shi cikin ƙananan ƙunshi na maiƙo, da haɗa shi da tsohon antibiyotik: feftid kaɗan ya huda katanga, tsohon ya shiga ya ƙarasa.

Wani lokaci gyaran ba a jikin maganin yake ba. Kamfanin da ya fara aikin daptomycin ya jingine shi a farkon shekarun 1990 saboda yana lalata tsoka in an ba da shi sau biyu a rana. Wani ƙaramin kamfani ya karɓa, aka gano in an ba da shi sau ɗaya a rana tsokar na samun hutun murmurewa. Magani ɗaya ne, jadawali kawai aka sauya.

Kwamfuta ma ta shigo. A 2024 wata tawaga da César de la Fuente na Jami'ar Fensilbaniya ke cikin jagororinta ta tace bayanan gadon ƙwayoyin halitta daga ƙasa da teku da hanji, ta fito da sama da 860,000 da ake zaton feftid ne masu kisa. Sun ɗinka 100, 79 suka nuna aiki a faranti. Abin burgewa ne, amma a ganina nemowa ba ta taɓa zama inda aka maƙale ba. Koma ka duba amsar abin da ya hana su zama magani.

An ce bakteriya ba za su iya bijire wa feftid ba. Haka ne?

A'a. Ya fi musu wuya, domin sauya fata gaba ɗaya ya fi sauya kwaɗon ƙofa tsada, amma suna iyawa. Sukan rage cajin fatarsu, ko su fitar da sinadarin da zai datsa feftid, ko su yi rufin yauƙi su ɓuya a ciki.

A ƙarshen 2015 masu bincike a Sin suka ba da rahoton wani gadon halitta, mcr-1, a cikin bakteriyar hanjin aladu da ɗanyen nama da wasu majinyata. Yana kare ƙwayar daga colistin, kuma yana kan guntun da ke tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. Ba a daɗe ba aka same shi a nahiyoyi daban-daban, har da Afirka. Dalili a fili yake: an shekara da shekaru ana zuba colistin a abincin dabbobi don su yi saurin ƙiba. Sin ta hana hakan a 2017, Indiya ta haramta shi ga dabbobin ci a 2019. Akwai kuma wata fargabar da ta keɓanta da feftid: idan muka horar da ƙwayoyi su jure wanda ya yi kama da na jikinmu, mai yiwuwa su jure garkuwar da aka halicce mu da ita.

Ni kaji nake kiwo. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka sosai, Alhaji. Ɗauko leda ko gwangwanin garin da kake kaɗawa a ruwan 'yan tsaki ka karanta ƙananan rubutun baya. Na taɓa yi wa wani maƙwabcina haka a gindin darbejiya. Shi a saninsa "bitamin" yake ba su duk mako, sai ga colistine a rubuce tare da wani antibiyotik. Colistin ba ya ratsa hanji ya shiga jini sosai, a hanjin kazar yake zama yana tankaɗe ƙwayoyi, masu taurin su fita da kashi. Kashin nan shi ne takin da ake kai wa lambunan salak da tumatir na bakin Binuwai.

Ba cewa ake kada a yi wa dabba magani in ta kamu ba. A daina ba lafiyayyu don rigakafi ko ƙiba, a nemi likitan dabbobi, a yi allurar rigakafi a kan lokaci, a kuma kiyaye kwanakin jira da aka rubuta kafin yanka ko sayar da ƙwai. Haka ma makiyayi da ke soka wa saniya allurar oksitetirasikilin da yamma ya kai nononta kasuwa da safe.

Zuma, kindirmo, zogale, dafin kunama: an ce duk suna da feftid. In yi magani da su?

Suna da shi. Zuma na da wani difensin na ƙudan zuma, ga yawan sukari da tsami da wani sinadarin kashe ƙwaya da take fitarwa a hankali, kuma a asibitocin Turai ana ɗaure gyambo da zumar da aka tace aka kashe ƙwayoyinta. Zumar Adamawa ba ta da abin kunya a gaban kowace zuma. Amma ta bakin hanya a kwalbar da ba ka san me ta taɓa ɗauka ba, wadda ƙila an sirka da narkakken sukari, ba ita ce waccan ba. Kuma ko ta gaske ce, ba ta kai wa ga cutar da ta shiga ƙashi ko jini. Kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki.

Kindirmo abinci ne mai kyau, ba maganin taifot ba. Garin 'ya'yan zogale na da furotin mai cajin ƙari da ke kwantar da laka ya rage ƙwayoyi a ruwan gulbi, amma a tafasa ruwan duk da haka. Dafi kuwa a bar shi inda yake. An samo feftid masu kisa a dafin baƙar ƙatuwar kunamar dazukan Afirka ta Yamma, kuma babban sinadarin dafin ƙudan zuma, melitin, yana kashe bakteriya, sai dai yana fasa jajayen ƙwayoyin jini da irin wannan zafin naman.

Na ga ana tallan "peptide" a WhatsApp da Facebook, wai yana maganin sanyi da taifot da basir. In saya?

Kada ka saya. Feftid suna ne na jinsi, kamar ka ce "ganye". Garin kolajin na gyaran fata ma feftid ne, ba ya kashe komai. Na gaskiya masu kashe ƙwaya a cikin jiki na asibiti ne, ana auna ƙoda ana ba da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma sabuwar kalma mai ƙamshin kimiyya ita ce abincin 'yan damfara.

Yaushe sababbin za su iso wurinmu?

Ba kwana kusa ba. Daga gano sinadari zuwa famasi yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15: faranti, dabbobi, sannan matakai uku na gwaji a jikin mutane, kuma mafi yawa a hanya suke zubewa. Teixobactin, da aka sanar a 2015 daga wata bakteriyar ƙasa da ba a taɓa iya renonta a ɗakin gwaji ba, ya yi tashe a jaridu, har yanzu bai zama magani ba. Zosurabalpin na kamfanin Roche, feftid mai zobe da aka ƙera don Acinetobacter, an bayyana shi a farkon 2024, yana cikin gwajin mutane. Lariocidin, daga ƙasar bayan wani gida a Kanada, an sanar da shi a 2025, yana farkon tafiya.

Kasuwar ma a karkace take. Sabon antibiyotik mai kyau ɓoye shi ake yi sai ranar tsanani, kuma kwana bakwai ko goma ake sha, ba kamar maganin hawan jini na har abada ba. Kamfanin Achaogen ya samu amincewar sabon antibiyotik a 2018, ya karye a 2019. Don toshe wannan giɓin aka kafa CARB-X da GARDP, ƙungiyoyi masu tallafa wa ƙera sababbin antibiyotik, a 2016, Ingila kuma ta fara biyan kamfanoni kuɗin shekara tsayayye ko an yi amfani da maganin ko ba a yi ba. Ko an amince da magani a can, sai an yi masa rajista a Yawunde ko Njamena, an samu mai shigo da shi, an kuma samu ɗakin gwajin da zai ce ga wanda ya dace da shi.

Mu a arewacin Kamaru da Chadi muna da rawar takawa, ko 'yan kallo ne?

Muna da ita, ta fuska biyu. Kamaru na cikin ƙasashen da suka fi yawan jinsunan kwaɗin Xenopus, har da wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai Tafkin Oku, kuma yana dab da ƙarewa. Ƙasar fadamun Logon, kindirmo, daddawa, duk ma'adanar ƙwayoyi ce da ba a tona sosai ba. Jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa, reshen Centre Pasteur da ke Garwa, ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa LANAVET a Bokle, da cibiyar binciken kiwo IRED a Farsha ta Njamena, wurare ne da ɗalibin da ke sha'awar fagen zai fara ƙwanƙwasawa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa wanda ya ɗebi halitta ko ilimin gargajiya daga wata ƙasa sai da izini da rabon amfani, don haka mai maganin gargajiya ko mai unguwa da baƙo ya zo wa da jakar ɗiban samfuri yana da haƙƙin tambayar takarda.

Fuska ta biyu ba ta da armashi amma ta fi gaggawa: rubuta wace ƙwaya ke yawo a garinmu da maganin da take ji. Mai ƙera magani a Basel ta Suwizalan ba zai yi lissafi da ƙwayar da ba wanda ya ƙirga ba.

Ɗan'uwana na kwance, an sauya magani sau uku ba sauƙi. Me zan yi yau?

Allah ya ba shi lafiya. Tattara duk kwalaye da ledojin abin da ya sha, har da na mai tallan magani a kan babur da na gargajiya, ka kai wa likita. Kada ka ɓoye don kunya. Ka roƙi a yi masa antibiyogiram na fitsari, mugunya ko jini, gwargwadon inda cutar take, kuma zai fi kyau a ɗauki samfurin kafin a fara wani sabon antibiyotik. Sakamakon kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Na san kuɗin gwajin na da nauyi, amma na sha ganin iyalai sun kashe ninkinsa a allurar seftiriyazon ta cinta-da-ka.

Ka tambaya ko an tabbata bakteriya ce: zazzaɓin cizon sauro da mura ba sa jin antibiyotik, gwajin Widal shi kaɗai yakan nuna taifot inda babu, tari na fiye da mako biyu kuma a duba tarin fuka. In akwai ƙurji mai mugunya sai an fasa, in gyambon mai ciwon suga ne sai an yanke mataccen nama an daidaita sugan, in akwai tsohuwar robar fitsari a sauya ta. Idan har aka kai ga colistin, ka tambayi likita yaushe za a auna ƙodarsa, ka kuma lura da yawan fitsarin da yake yi, in ya ragu ka gaya wa ma'aikatan jinya nan take.